Tambayi Likita: Takalmin Masu Dogon Gudu

Likita, ina shirin gudun yada-ƙanin-wani na Legas, kullum mako ina cin kilomita 60. Wata takwas ke nan da sayen takalmina, ko ɓarkewa bai yi ba, amma gwiwa da ƙwauri sun dame ni. Laifin takalmin ne? Daga wani malamin makaranta, Kaduna.

Malam, mu yi lissafi. Kilomita 60 a mako har wata takwas, ka haura kilomita 2,000 ke nan. Shi kuwa takalmin gudu, yawanci tsakanin kilomita 500 zuwa 800 yake gama aikinsa. Ga mai gudu irin naka, wata biyu zuwa uku ne.

Abin da ke ruɗin mutane, takalmi yakan mutu tun bai yage ba. Soson nan da ke tsakanin tafin ƙafarka da robar ƙasa shi ke shanye dukan kwalta, kuma idan ya kwanta ya kwanta ke nan. Ɗora takalmin a kan tebur, ka leƙa shi ta baya. In ya karkace gefe ɗaya, ko ka ga soson ya yi tamoji kamar goshin tsoho, a mayar da shi na zuwa kasuwa.

In da hali ka sayi biyu, ba iri ɗaya ba, kana musanyawa. Wani bincike a ƙasar Lukzambog kan 'yan gudu 264 ya nuna masu musanya takalmi sun fi masu lizimtar guda ɗaya ƙarancin rauni da kusan kashi 39 cikin ɗari. Kuma a daina shanya shi a tsakiyar rana ko barinsa a mota, zafi na cin soson. Amma fa in ciwon ƙwaurin wuri ɗaya ne, ka danna da yatsa ka zabura, ajiye gudun ka zo asibiti. Ƙashi na iya tsagewa, sabon takalmi ba ya maganin wannan.

Ni ɗalibi ne, na gwanjo kawai aljihuna ke iyawa. Da matsala? Daga Kano.

Ɗana, ba zan ce ka bari ba, na san farashin sabo. Sai dai na gwanjo wani ya riga ya ci rabin ransa, ya kuma kwantar da soson daidai takunsa, ba naka ba. In ka shiga Ƙofar Wambai kada kyallin sama ya ɗauke maka hankali. Kife shi ka duba ƙasan: zanen robar yana nan ko ya shafe a dunduniya? Zaro shimfiɗar ciki ka danna da babban yatsa, mai sauran rai zai taso. Lanƙwasa shi, ya kamata ya lanƙwasu daidai gindin yatsu, ba a tsakiya ba.

Tun da na ƙara nisan guduna farcen babban yatsana ya yi baƙi. Daga wata ma'aikaciya, Abuja.

Hajiya, takalmin ya yi miki kaɗan. Ƙafa na kumbura a dogon gudu, farcen ya yi ta dukan bakin takalmi har jini ya taru a ƙarƙashinsa. Ki je saye da yamma, sanye da safar da kike gudu da ita, ki bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanki mafi tsawo da bakin takalmin. Ki riƙa yanke farce. Yawanci da kansa yake faɗuwa sabo ya fito, amma in kina da ciwon suga, ko kin ga mugunya, kada ki jira.

In sayi irin takalmin Kipchoge? Daga Jos.

Wanda Kipchoge, shahararren ɗan gudun nan na Kenya, ya yi kilomita 42 da shi a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Austriya a 2019? Irinsa akwai farantin kabon (wani abu mai ƙarfi mara nauyi) a ciki, yana ƙara sauri, gaskiya ne. Amma na ranar gasa ne, ga tsada ga saurin lalacewa. Na atisayen kullum, ɗauki wanda ka sa ka taka ka ji daɗinsa tun a shago. In mai shago ya ce "zai saki", ajiye masa kayansa.