Amsa: mawaƙa biyu, suna ɗaya, wa ya saci na wani?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka rubuta Rema a manhajar sauraron waƙa, sai ga waƙoƙin wata mace da wani yare da ba ka ji, shi ne kake tambaya ko kutse aka yi wa Rema namu, mawaƙin Najeriya, ko kuwa an sace masa suna. Ba ko ɗaya. Waccan Rema Namakula ce, 'yar Yuganda, da harshen Luganda take yawancin waƙoƙinta, kuma ta daɗe da yin suna a ƙasarsu kafin namu na birnin Benin ya fito a 2019. In ma za a yi maganar wa ya riga wa, ita ce gaba.

Na daɗe ina taya yara ɗora waƙoƙinsu a intanet, kuma ba na jin akwai abin da ya kai wannan ba ni ciwon kai. Ko Asa, mawaƙiyarmu ta Najeriya wadda muke ganin sunanta ba shi da na biyu, akwai wani mawaƙin gambara ɗan Finland da shi ma Asa yake amsawa. Tamu tana sa ɗigo a ƙarƙashin harafin s, amma wa ke tsayawa neman ɗigo in zai bincika waƙa a waya?

Abin kuma ya girmi intanet. Duk wanda ya tashi da kaset ɗin Bob Marley ya san The Wailers, waɗanda suka haɗu a Jamaika a 1963 tare da Peter Tosh da Bunny Wailer. To tun 1958 akwai wasu samari Turawa a garin Tacoma na Amurka da ke kiɗan rock da wannan sunan. Haka Nirvana: kafin Kurt Cobain ya kafa tasa a 1987, akwai wata a Landan tun shekarun 1960. Da ta Amurka ta yi tashe, sai 'yan Landan suka kai ƙara a 1992, aka sasanta a wajen kotu, kowa ya ci gaba da amsa sunansa. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne X. Harafi ɗaya tal, amma a 1977 an kafa ƙungiya mai wannan suna a Los Angeles, an kafa wata a Sydney ta Ostareliya, daga baya ta uku ta ɓullo a Japan, wadda a 1992 ta koma X Japan don a daina rikita su.

Ka lura da dabarar 'yan Japan ɗin nan, don ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mamman Shata Katsina, Ɗan Maraya Jos, Haruna Uji Haɗeja: liƙa sunan gari ya daɗe yana raba mana gardama. Haka The Charlatans na Ingila suka yi, in sun shiga Amurka sai su ƙara UK a ƙarshe, saboda wata tsohuwar ƙungiyar San Francisco. Suede ma a can The London Suede ake ce musu. Blink kuwa lamba suka ƙara, suka zama Blink-182, bayan wasu 'yan Ireland sun ce sunansu ne.

A da wannan ya isa, domin kowa da kasuwarsa: faifan da aka buga a Sydney da wuya ya haɗu da na Los Angeles a kanta ɗaya. Yanzu duk duniya kanta ɗaya ce, kuma na'ura ke jera kaya. Mawaƙi ba ya ɗora waƙa kai tsaye a Spotify ko Apple Music, sai ta hannun dillali irin su DistroKid ko TuneCore. Kowace waƙa tana da lambar shaidarta, ISRC, mai haruffa da lambobi 12, amma wannan lambar waƙar take bambantawa, ba mai waƙar ba. In ba ka ba dillali adireshin shafinka ba, na'ura za ta duba suna kawai ta ajiye waƙar inda ta ga ya yi kama.

Na ga wannan da idona. Wani yaro a unguwarmu ya yi waƙar biki mai kalangu, muka ɗora, ranar fitowa ya turo mini hoton allon wayarsa: ga waƙarsa zaune a ƙarƙashin hoton wani Bature mai dogon gashi da jita. Kuɗinsa bai bi Baturen ba, tunda ta hannun dillali ake biya, amma masu saurare da mabiyan da ya tara a makon farko duk shafin wancan suka ƙawata. Sai da muka yi ta aika saƙo ana ce mana a jira kafin aka raba su, lokacin an sha biki an watse.

Batun doka kuma, mutane suna haɗa abu biyu. Haƙƙin mallakar fasaha waƙar yake karewa, baitinta da kiɗanta, ba ya kare suna. Suna sai an yi masa rajistar alamar kasuwanci, ita kuma ƙasa-ƙasa ce: rajistar Abuja ba ta hana wani a Kampala. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ita ma wani abu ne daban. Kuma kada ka ɗauka wanda ya riga shi ke cin riba kullum. A 2020 ƙungiyar Lady Antebellum ta Amurka ta gajarta sunanta zuwa Lady A, alhali wata mawaƙiya a Seattle, Anita White, ta shafe sama da shekara 20 tana amfani da shi. Suka maka juna a kotu, sai 2022 aka janye ƙarar. Ni a ganina an danne ta, domin ko me kotu za ta ce, mai bincike sunan babba zai fara gani.

Kai da sauraro kawai kake yi, duba hoton shafin da jerin tsofaffin waƙoƙin, za ka gane wanda ka faɗa wa. In kuwa kana da ƙani mai shirin fara waƙa, ya rubuta sunan da ya zaɓa a Spotify da YouTube da Audiomack da Boomplay kafin ya buga fasta ko ɗaya. Ya leƙa Discogs ma, shafin da ke tattara bayanan mawaƙa da faya-fayansu, su lamba suke sa wa masu suna ɗaya a gefe, nan take zai ga ko shi ne na bakwai a layi. In ya tarar da wani, ya ƙara sunan garinsu ko na mahaifinsa, sannan da zarar an buɗe masa shafi ya kwafe adireshinsa ya riƙa ba dillali duk lokacin da zai saki sabuwar waƙa.