Amsa ga Malamar da ta tambayi yadda za ta koyar da siffofi a aji biyar

Malama, kin ce yaranki sun haddace 22/7, lambar da ake lissafin kewayen da'ira da ita, amma ba su san daga ina ya fito ba, kuma makarantar ba ta da kayan aiki. Kayan aikin suna gidajen yaran. Ki ɗan jinkirta rubuta ƙa'ida a allo, su fara aunawa da hannunsu tukuna.

Ki fara da da'ira. Kowane rukuni na yara biyar ya zo da faifai ko murfin tukunya, da zare da tef ɗin tela. Su zagaya bakin faifan da zare, su miƙe shi su auna, sannan su auna faɗin faifan, su raba na farko da na biyu. Faifai mai faɗin santimita 30 zai ba da kewaye wajen 94, amsa kusan 3.1, wato dab da 22/7 ɗin da suka haddace. Idan wani rukuni ya kawo 2.7 ko 3.6, abu uku za ki duba. Zaren ulu yana talewa, a nemi na buhu. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, inci da santimita, yara kuma suna cakuɗa su. Na uku ya fi yawa: ba sa bin tsakiyar faifan wajen auna faɗi. Maganinsa a matse faifan tsakanin littattafai biyu a tsaye, a auna tazarar. Kada ki yarda da murfin kwalba, ya yi ƙanƙanta, kuskuren milimita biyu ya isa ya ɓata lissafin.

Sai igiyar magina, wadda suke daidaita kusurwa da ita in za su fitar da harsashin gini. Igiya mai mita 3.6, a yi mata alama duk bayan santimita 30, gaɓa 12 ke nan. Yara uku su riƙe ta a ja ta tsam, gefe ɗaya gaɓa 3, ɗaya 4, ɗaya 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 digiri 90 ce cif. Da biro za a yi alamar, ban da ƙulli, don ƙulli yana cin tsawon igiya. Su gwada ta a kusurwar ajinsu, ba mamaki su kama magini da laifi.

Kara kuwa ba ya wahalar samu bayan kaka, ko a gonakin wajen Samaru ta Zariya. A haɗa guda uku da tsinke, a haɗa huɗu, a danna kowanne. Mai huɗun zai karkace, mai ukun kuwa, wato alwatika, ba zai motsa ba. Daga nan su ɗaga kai su nemo alwatika a katakon rufin ajin.

Zane mai maimaituwa, hular ƙube ta wadatar: su nemo ɗan zanen da ake ta maimaitawa, su ƙirga sau nawa ya zagaye hular, su kwafe shi a takarda mai gida-gida. Tabarma ma haka. In kina cikin Birnin Zariya, ki kai su su ga zanen bangon ƙofar fadar Zazzau, kowa da fensir da takardarsa.