Karatun jami'a ga mai binciken laifuka da ke bakin aiki: amsoshin tambayoyinku

Saƙonnin wannan makon galibinsu daga jami'an bincike suka fito, waɗanda ke son ƙaro ilimi ba tare da sun ajiye aiki ba. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunaye saboda yanayin aikin masu su.

Ni sufeton 'yan sanda ne a sashen binciken manyan laifuka a Gusau, takardar sakandare kaɗai gare ni. In shiga jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, ko in nemi karatun ƙarshen mako a jami'ar da ke kusa da ni?

Yallaɓai, abin da zai raba maka gardama shi ne canjin wurin aiki. Digirin farko a NOUN shekara 4 ne mafi ƙaranci, na wucin-gadi, wato irin na ƙarshen mako, a sauran jami'o'i kuwa yakan ɗara haka da shekara guda ko fiye. Ka duba ko akwai ɗan sandan da aka bar shi wuri guda tsawon wannan lokacin. Idan ka shiga karatun Juma'a da Asabar a wata jami'a, aka wayi gari aka tura ka Yola ko Fatakwal kana aji uku, karatun ya tsaya, domin yawancin jami'o'i na sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa. A NOUN kuwa cibiyar karatu kawai za ka nemi a sauya maka, sakamakonka na nan a shafinka. Jami'ar tana da cibiyoyi a faɗin ƙasar, har da na musamman na ma'aikatan tsaro, irin ta 'yan sanda da ke Dei-Dei a Abuja, kuma tana da digiri a kan nazarin laifuka da tsaro.

Sharaɗin shiga shi ne kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Mai difloma ta ƙasa ko NCE na iya farawa daga aji biyu. A kowane darasi ana kasa maki gida biyu: 30 na aikin gida da ake kira TMA, wanda ake yi a intanet, 70 kuma na jarrabawa. A nan ma'aikata suka fi faɗuwa. Ana buɗe TMA na ɗan lokaci a rufe, mutum yana can fagen aiki ko yana zaryar kotu, kafin ya farga ya yi asarar maki 30, ya shiga jarrabawa da 70 kacal a gabansa. Don haka ranar da aka buɗe, a makon ka gama da shi.

Kada kuma ka kwashi darussa da yawa a zangon farko don ka ga ana cewa karatun gida ne. Ka lissafa awannin da kake da su a mako bayan aikin kwana da zuwa kotu. Idan ba su kai goma ba, ka rage darussan. In jarrabawa ta zo daidai da aikin da ba za ka iya bari ba, akwai hanyar neman ɗage ta a hukumance, amma kafin ranar ake nema.

Karatun aji yana da nasa amfanin, ba mu raina shi ba: malami na gabanka, kuna muhawara da abokan karatu. Ga wanda aikinsa na jiha ne, wanda ba a fitar da shi wajen jihar, shi muka fi so masa. Kai dai NOUN ta fi dacewa da kai.

Ina aikin bincike a wata hukumar yaƙi da cin hanci, ina da digiri a fannin akanta. Abokan aiki duk nazarin laifuka suke yi a digiri na biyu. In bi sahunsu?

Hajiya, kafin ki sayi fom, ki ɗauko fayil biyar na ƙarshe da suka ba ki wahala, ko waɗanda suka rushe a kotu, ki duba inda kowanne ya samu matsala. Abin da kika gani a nan shi ne fannin da ya kamata ki karanta.

Mutane da yawa na shiga nazarin laifuka da zaton za a koya musu yadda ake ɗaukar zanen yatsa ko tono saƙon da aka goge a waya. Fannin reshe ne na ilimin zamantakewa. Yana koyar da dalilan da ke sa mutane aikata laifi, da tsarin hukunci da gidajen gyaran hali, da halin waɗanda aka zalunta, da yadda ake tattara alƙaluma a fassara su. Yana da amfani ƙwarai ga mai hangen shugabancin sashe ko tsara manufofi. Amma idan abin da ke kayar da ke shi ne bin sawun kuɗi daga asusu zuwa asusu, ko lauyan wanda ake tuhuma ya sa kotu ta ƙi karɓar bayanan banki, to binciken ƙwaƙwaf na harkar kuɗi da dokar shaida su ne buƙatarki, kuma digirinki na akanta ya riga ya share miki hanya.

Ga misali ɗaya na abin da muke nufi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi duk takardar da kwamfuta ta fitar, ko bayanan asusu ne, ko hirar WhatsApp, ko hoton kyamarar tsaro. Dole a nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, kuma ana amfani da ita a kai a kai wajen irin wannan aikin. Akan yi haka da takardar tabbatarwa wadda ta fayyace takardar da yadda aka fitar da ita da bayanin na'urar, da sa hannun mai alhakin kula da ita. Mai bincike ya sha wahalar wata shida, ya zo da bugun takardu babu wannan, lauya ya tashi ya yi suka, shaidar da aka dogara da ita ta faɗi. Haka abin yake da wayar da aka karɓe a hannun wanda ake zargi: a katse ta daga layi nan take, a rubuta lambar IMEI, wato lambar shaida ta ita wayar, a sa a ambulan a liƙe a sa hannu, duk wanda ya karɓe ta daga baya a rubuta sunansa da rana da lokaci. Jami'in da ya buɗe ta yana leƙe-leƙe kafin ta isa wurin ƙwararru ya ba lauya ƙofar cewa an taɓa abin da ke ciki.

Saboda haka ki nemi jerin darussan kowane shiri kafin ki biya ko sisi. Ki duba ko akwai dokar shaida, da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda ta yi tanadin ɗaukar iƙirarin wanda ake zargi a bidiyo da ɗaukar jawabinsa a gaban lauyansa, da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024. Ki kuma tambaya su wa ke koyar da su.

Sai ki san cewa digiri na biyu iri biyu ne. Akwai na ƙwarewar aiki, irin wanda sashen ilimin zamantakewa na Jami'ar Ahmadu Bello ke bayarwa a kan tabbatar da doka da shari'ar laifuka, Jami'ar Bayero ma tana da makamancinsa, kuma don ma'aikata aka tsara su. Akwai kuma na bincike mai zurfi, mai dogon kundi. Idan kina da niyyar digirin digirgir ko koyarwa a jami'a nan gaba, na biyun za ki nema, domin jami'o'i da dama ba sa karɓar na ƙwarewar aiki kai tsaye.

Ni saje ne, ina gabatar da ƙara a kotun majistare. Zan iya karanta lauya ta wucin-gadi?

Malam, kada ka soma. Majalisar kula da ilimin lauyoyi ba ta karɓar mai digirin lauya na wucin-gadi a makarantar horar da lauyoyi, wanda kuma bai bi ta can ba ba za a rantsar da shi lauya ba. Burinka yana da kyau, domin sashe na 66 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya tanadi a samu aƙalla ɗan sanda guda mai shaidar lauya a kowane babban ofishin yanki. Hanyar dai guda ce: ka nemi hutun karatu, ka yi shekara 5 na cikakken lokaci, sannan shekarar makarantar lauyoyi.

Wani ya ce zai samo min digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin shekara guda, wani kuma yana da cibiya a unguwarmu da ya ce reshen wata jami'a ce. Wanne ya fi?

Babu na zaɓe a ciki. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya yi shigar burtu ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida. Ɗan'uwa, kai da aikinka shi ne tono jabu, ka san abin da zai biyo baya ranar da aka tantance fayil ɗinka. Ko ba a kore ka ba, duk lauyan da ya samu labari zai yi amfani da shi ya zubar da ƙimar shaidarka a gaban alƙali.

Game da cibiyar unguwa, abu uku za ka bincika da kanka. Ka shiga shafin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ka ga ko sunan jami'ar na cikin waɗanda aka amince da su, hukumar kuma takan fitar da jerin haramtattun. Na biyu, amincewa da jami'a daban, amincewa da fannin daban, izinin koyar da shi ta wucin-gadi ko daga nesa shi ma daban, don haka ka tambayi ofishin rajistara na jami'ar kai tsaye ko sun san da cibiyar. Na uku, ka tabbata gurbinka ya shiga rajistar JAMB ko da ba ka rubuta jarrabawarta ba. Ɗaliban wucin-gadi ba sa zuwa bautar ƙasa, takardar cirewa hukumar NYSC ke ba su, kuma wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB yakan sha wuya kafin ya same ta. Kuɗin makaranta kuma asusun jami'a ake biya a karɓi rasit, ba asusun wani mutum ba.

Idan na gama, za a ƙara min girma?

Ba kai tsaye ba. A aikin ɗan sanda ƙarin girma na hannun hukumar kula da aikin 'yan sanda, kuma ana duba daɗewa a muƙami da gurbi da rahoton aiki. Takardar za ta yi maka amfani ranar da aka buɗe wata dama da ke buƙatarta, da kuma bayan ritaya. Amma akwai kuskuren da ke sa ta zama ba ta da amfani a fayil: fara karatu ba da izini ba. Ka rubuta takardar neman izini ta hannun shugabanka na kusa, ka haɗa da takardar samun gurbi, ka jira amsa a rubuce, ka ajiye kwafi a gida. Izinin baki na tafiya ne da wanda ya ba da shi ranar da aka canja masa wurin aiki. Wannan takardar ce kuma za ka nuna idan kana neman a sake ka makon jarrabawa.

Wace kwamfuta zan saya? Kuɗina ba su da yawa.

Don karatu da TMA da rubuta kundi, kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce, mai RAM 8GB da ma'ajiyar SSD 256GB ta wadatar. Idan binciken na'urori za ka karanta, ka nemi mai 16GB, domin manhajojin tono bayanan na'ura irin su Autopsy, wadda kyauta ce, suna cin wuri. A shago, ka cire ta daga caji ka kunna bidiyo na rabin awa ka ga yadda batir ke sauka, ka gwada kowane maɓalli da kyamara, ka kuma sa mai shagon ya shiga BIOS, wato saitin asali na kwamfutar, a gabanka don ka tabbata ba a kulle ta da kalmar sirri ba. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, ka fi kowa sanin inda kayan sata ke ƙarewa. Littattafan darussan NOUN suna shafinta kyauta, ka sauke su gaba ɗaya a farkon zango don rashin layi kada ya tsayar da kai. Fayilolin ofis kuma kada su hau wannan kwamfutar ko sau ɗaya.

Ina ajin ƙarshe. Ina so in rubuta kundina a kan wata shari'ar garkuwa da mutane da na bincika, wadda har yanzu tana kotu.

Ka bar wannan shari'ar. Kundi yakan bi ta hannun mai duba ka da malamin waje da mai buga takardu, daga ƙarshe ya zauna a ɗakin karatu inda kowa zai iya buɗewa. Sunan mai ba da bayanan sirri ko na shaida guda ya fita, ka jefa rai cikin haɗari, ka ba ɓangaren wanda ake tuhuma abin riƙewa, kai kuma ka saɓa wa Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Sauya sunaye ba ya wadatarwa a ƙaramin gari, inda ambaton ƙauye da wata ya isa a gane ko wane ne.

Ƙwarewarka ba za ta tafi a banza ba. Hukuncin da kotu ta riga ta yanke abu ne na fili. Ka tattara hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli a kan garkuwa ko fashi da makami, ashirin zuwa talatin, ka tantance dalilin da ya sa aka soke hukunci a duk inda aka soke: iƙirarin da aka ce an tilasta, ko jera mutane don shaida ya nuna wanda ake zargi da ba a yi daidai ba, ko kayan shaida da aka kasa nuna hannayen da suka bi. Idan kuma kana son yin hira da abokan aiki, ka samo takardar gabatarwa daga sashenku na jami'a, ka kai wa kwamishina ko shugaban hukumarku, ka jira izini a rubuce kafin ka yi wa kowa tambaya ta farko.