Sugan Baba ya sauka, ko ya warke ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Wata bakwai ke nan da aka gano mahaifinmu yana da ciwon suga, shekararsa 61. Ranar farko da aka gwada shi kafin ya karya, na'ura ta nuna 240. Aka ɗora shi a kan metformin da glibenclamide, mu kuma muka hana shi shinkafa da tuwon masara, sai tuwon alkama da acca dare da rana. Yanzu gwajin na nuna 110, shi ne ya ce ya warke, ya ajiye ƙwayoyin ya koma shan jiƙon shuwaka. Da gaske ya warke? Kuma me za mu riƙa ba shi? Wallahi tuwon alkamar ya gundure shi. Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, ku kuma Ya saka muku da alheri.

Bai warke ba 'yar'uwa. 110 lamba ce mai kyau, domin abin da ake nema ga mai wannan ciwo kafin karin kumallo shi ne tsakanin 80 da 130. Amma maganin ne ya kawo shi nan. Kamar wanda ya tokare ƙofa da turmi ne, da ya ga ta daina bugawa sai ya ce iska ta tsaya.

Duk abincin hatsi da muka ci suga yake komawa a jini, sinadarin insulin ne ke shigar da shi tsoka ya zama ƙarfi. Ga irin su Baba, jiki ba ya jin insulin ɗin sosai, wanda ake samarwa ma bai isa ba. Metformin na rage sugan da hanta ke zubowa cikin jini, glibenclamide kuma na sa jiki ya ƙara fitar da insulin. Da an ajiye su sugan zai hau a hankali, mutum na yawonsa bai ji komai ba, alhali ana yi wa ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa ɓarna. Wannan shirun shi ya fi ba ni tsoro. Shuwaka kuwa a ci ta a miya lafiya lau, amma ɗacinta a baki ba ya nufin ta cire zaƙi daga jini.

Ki zauna da shi cikin ladabi ki tambaye shi dalilin ajiyewar. Dattawa da yawa ba warkewar ce ke sa su dainawa ba, wahala suka sha suka yi shiru. Metformin kan kawo gudawa da tashin zuciya in an sha ciki babu komai. Glibenclamide kan faɗar da suga ƙasa da 70, musamman ga mai shekaru da aka rage wa abinci: gumi ya keto masa, hannu na rawa, ga jiri da matsananciyar yunwa. Idan haka ta faru a jiƙa ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa a ba shi, a sake gwadawa bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. Ku kai shi wurin likitansa cikin wannan makon, ku faɗi gaskiyar cewa ya daina, a yi masa gwajin HbA1c mai nuna yadda sugan ya kasance a wata uku da suka wuce. Ana iya rage magani ko a canza shi, amma likita ne zai yanke.

Batun abinci kuma, an wahalar da bawan Allah. Alkama da acca hatsi ne, su ma suna ɗaga suga, malmala biyu ta alkama ta fi ƙaramar malmalar dawa illa. Yawan ne abin lura. Ki raba kwanonsa: rabi ganye, kamar kwaɗon zogale ko rama, alayyafo, kabeji ko kuɓewa, kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai ko nama, sauran kashin kuma tuwon da ransa ke so, gwargwadon dunƙulen hannunsa. Abin da za a tsananta a kai shi ne lemon kwalba, zuma, rake, shayi mai sukari, da fura ko kunun da aka zaƙaƙa. Ya riƙa tafiyar minti 30 a ƙalla kwana biyar a mako, ko da zuwa masallacin da ya ɗan yi nisa ne.

Kowane dare wani cikinku ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, ya daina yawo ba takalmi ko a tsakar gida, kuma lokacin hunturu kada ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta. Ko ƙaramin gyambo kuka gani ko kaushin da ya tsage, ku kai shi asibiti a ranar.