Amsa: Me ya sa tsohon launin yake ta fitowa?

Malam, ka ce ka gyara fayil ɗin CSS (mai tsara launi da kamannin shafi) ka ɗora a saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin), amma masu shiga shafinka har yanzu tsohon launi suke gani. Burauza ce ta adana kwafi a wayoyinsu, kuma da izininka ta yi.

Buɗe DevTools (kayan binciken shafi) a Chrome, shiga Network, taɓa fayil ɗin, ka duba layin Cache-Control, wato umarnin da saba ke ba burauza kan adana kwafi. In ka ga max-age=31536000, ka ce mata ta riƙe shi shekara guda cur ba tare da ta sake tambaya ba. Danna Ctrl+Shift+R, mai sa burauza ta sake sauko da fayilolin, zai warware maka a kwamfutarka, amma ai ba za ka bi mutane gida-gida ba.

Shawarata, sa wa HTML (ainihin fayil ɗin shafin) no-cache a layin Cache-Control. Burauza za ta adana, sai dai kafin ta yi amfani da shi sai ta nuna wa saba ETag, wato alamar kwafin da ke hannunta. In babu canji, saba ta amsa da 304, ba a sake sauke komai, datar mutane ta huta. CSS da JavaScript kuwa, bar musu dogon wa'adin, amma canza sunan duk lokacin da ka gyara, misali style.a91f.css. Sabon suna dole ta sauko da shi.

Shi kuma no-store, wanda ke hana adana kwafi gaba ɗaya, ajiye shi don shafukan da ke nuna bayanan asusun banki.