Idan an adana iri a rumbun sanyi, me ya rage wa manomi?

Tambaya: Na ji cewa akwai manyan rumbuna da ake adana irin shuka na duniya a cikinsu. To me ya sa ake ta roƙon manoma su ci gaba da shuka irin gargajiya, alhali sabon iri ya fi ba da amfani?

Amsa: Malam, rumbunan nan suna da rana. Mafi shahara shi ne na Svalbard a ƙasar Norway, wanda aka buɗe a 2008 a cikin dutse, inda ake ajiye busasshen iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Da yaƙin Siriya ya raba ICARDA, cibiyar binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, da rumbunta na Aleppo, daga Svalbard ta karɓo irinta a 2015, ta sake shuka shi a Lebanon da Maroko.

Sai dai iri a rumbu barci yake yi, yadda aka rufe shi haka za a same shi. Na gona kuwa kowace shekara yana karo da fari da ƙwari da sabuwar cuta, manomi kuma yana ware zangarniyar da ta jure domin shukar baɗi. Da wannan zaɓen ne irin ke tafiya tare da yanayin da ke sauyawa. Ga kuma sanin da ke kan mutane: wane iri ne ke son jigawa, wanne ke nuna da wuri, wanne ke daɗewa a ajiya. Takardar da ke jikin fakiti ba ta ɗaukar duk wannan.

Ba kuma kowane iri ke ajiyuwa ba. Ƙwallon mangwaro da irin koko mutuwa suke yi idan an busar da su. Rogo da doya da ayaba dasa su ake yi, don haka sai a riƙe su da rai a gona ko a ɗakin gwaji, kamar yadda IITA, cibiyar binciken noma a ƙasashe masu zafi, ke yi a Ibadan. Ko na cikin sanyin ma ƙarfin tsirowarsa na raguwa, sai an riƙa sabunta shi, da tsada.

Ban ce a guji sabon iri ba. Haɗarin yana wajen dogaro da guda ɗaya. A 1970 cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na masarar Amurka, saboda yawancin gonaki sun shuka irin da ke da rauni ɗaya. Shawarata, ka shuka sabon a mafi yawan gonarka, ka bar wa na gargajiya 'yan kunyoyi. Idan masara ce, ka nisanta su da juna don kada su gauraya.