Wace fayawol ta kyauta ce za ta ɓoye ni idan ina sauke fayil ta torrent?

Malam, ka ce kana sauke fayiloli da qBittorrent, manhajar sauke fayil ta tsarin BitTorrent (torrent), a nan Damagaram (Zinder), kana neman fayawol ta kyauta da za ta hana a gan ka. Gaskiya babu fayawol da ke yin wannan aiki. A tsarin BitTorrent, duk wanda kuke musayar fayil ɗaya da shi yana ganin adireshin IP ɗinka, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet, don ta nan ne guntayen fayil ɗin ke iso maka. Aikin fayawol shi ne tsare ƙofa: wace manhaja za ta fita intanet, wa zai shigo.

A wannan fanni, wadda ke zuwa cikin Windows ta wadatar da mafi yawanmu. In kana son ka riƙa yanke hukunci kan kowace manhaja da kanka, ɗora TinyWall ko simplewall, ba su da nauyi. Comodo na da ƙarfi, amma tambayoyinta sun cika yawa, sai mutum ya gaji ya dinga danna amincewa ido rufe. Wasu na yabon PeerBlock. Ni ban ba ta muhimmanci ba, jerin adireshi kawai take toshewa, kuma an daɗe da daina sabunta ta.

Abin da ke ɓoye adireshi shi ne VPN, wato hanyar da ke bi da layinka ta wata kwamfuta, sai a ga adireshinta maimakon naka. Ka shiga saitin qBittorrent ka ɗaure shi da layin VPN ɗin, ta yadda in ya yanke, saukewa ma ta tsaya. Da yadda wuta da layi ke ɗaukewa a Zinder, wannan saitin ya fi komai amfani. Kada ka bi ta Tor, wani tsarin ɓoye adireshi na daban, masu Tor ɗin da kansu sun hana sauke torrent ta nan.